Yayen Rabilu a Rediyo

Tun da Badamasi ya komo daga istaj, wato kwas na masu rubuta wasan rediyo a Yamai, ba wanda ya ƙara shan shayi da daɗin rai a fadarsu ta Konni. Wani malami ne can ya ce musu mutumin cikin labari ba ya yin komi a banza, sai da dalili, kuma dalilin yana can baya cikin ƙuruciya. Shi ke nan, Badamasi ya zama likitan kawunan jama'a, ba tare da kowa ya ce masa kansa na ciwo ba. Ka cika sukari? Kakarka ce ta hana ka kana yaro. Ka ga jandarma ka sake hanya? Babanka kake gani cikin kaki. Mai tsire ya ƙone nama, ya ce ba wuta ba ce, fushi yake da gwaggonsa.

Amma abin da ya fi ɗaukar masa hankali shi ne yaye. A wajensa, duk halin ɗan Adam daga ranar da anka raba shi da nono yake tasowa.

To, akwai Zainabu a Malbaza, wadda yake nema. Babanta ya rasu, maganar aurenta tana hannun wanta Rabilu, direban wani jan kamyo, babbar motar ɗaukar siminti. Rabilu ba ya yawan magana, kuma ba ya ɗaukar kowa a motarsa, ko limami ne ya tsaya bakin hanya da rana tsaka. Badamasi ya dube shi ya ga labari zaune.

Ya rubuta wasa a kan wani direba mai jan kamyo da ba ya rage wa kowa hanya, ya sa masa suna Rabi'u, don kada a gane. Dalili? Uwarsa ta yaye shi da wuri, ta shafa maɗaci a nono, ta ɗora shi a amalanken jaki zuwa gidan kaka a Bazaga, ta juya ko waige babu. Wani gidan rediyo na gari ya saka wasan ran Juma'a bayan la'asar, daidai lokacin da direbobi ke zaune ƙarƙashin motocinsu suna jiran lodi.

Washegari Badamasi ya sa sabuwar shadda ya tahi Malbaza karɓar yabo. Ya iske Rabilu yana ɗaure taya.

"Yaya Rabilu, barka da aiki. Ka ji wasan kuwa?"

"Na ji. Tasha duka ta ji. Tun jiya Ɗan Maɗaci suke kirana."

"Ai ba kai ba ne, Yaya. Rabi'u ne."

"Mai jan kamyo."

"Jan kamyo ai da yawa."

"Mai kaka a Bazaga."

Badamasi ya gyara hula. "Gaskiya taimakonka na yi. Da ana cewa mugunta ce, yanzu an san ciwo ne. Jama'a sun tausaya maka."

"Ka ɗauki nonon uwata ka sa a rediyo, daga Konni har Illela, shi ne taimako?"

"Ai ban ɗora wa Inna laifi ba. Ita ma wataƙila haka anka yi mata."

Rabilu ya ajiye sifana a hankali. "Yanzu kuma mun kai ga kakata."

"A'a, ina nufin..."

"Kai, mai mota ne ya hana ɗaukar fasinja. Wanda anka kama, a kore shi. Ka taɓa tambayata?"

"Wannan ai dalilin sama ne, Yaya. Akwai na ƙasa, wanda kai kanka ba ka sani ba."

Direbobin da ke kusa sunka fashe da dariya. Wani ya ce a ba Ɗan Maɗaci fura ya huce. Rabilu ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Tahi gidanmu, Zainabu na da saƙonka."

Zainabu ba ta shimfiɗa masa tabarma ba. Daga bakin zaure ta tsaya.

"Malam marubuci, Inna ta je suna da safe, mata sunka tare ta suna tambaya ina take samun maɗaci mai kyau. Ta komo tana ɗaki har yanzu."

"Zainabu, fasaha ce, ba zagi ba."

"A garinku. Nan wanda ya ambaci uwar mutum a kasuwa ya zage shi, bare rediyo. Yaya ya ce maganar ta mutu. Ni ma na ce."

Ta shige ciki.

A kan kabu-kabu, hanyar komawa Konni, sunka wuce layin motocin siminti. Can Badamasi ya taɓa kafaɗar mai babur.

"Ka san mi ya sa ta ƙi ni? Auta ce. Su auta ba a yaye su da wuri, shi ya sa..."

"Malam, riƙe da kyau, akwai rami," in ji mai babur, ya ƙara wuta.