Auta da Fitilar Hasumiya

Ni na raka Auta gwajin lafiya, don ƙanen nan nawa ko allura ya hango sai gumi ya keto masa, amma wai shi ne zai tuƙa jirgin sama. Makarantar koyon tuƙin jirgi ta riga ta ɗauke shi, takardar likita kawai ta rage. An auna jini, an saurari zuciya, an duba kunne, duk lafiya lau. Sai likitar ta buɗe wani littafi mai cike da ɗigo-ɗigo masu launi, ta ce ya faɗi lambar da ke cikin shafin.

Daga inda nake zaune ina hango saba'in da huɗu ɓaro-ɓaro. Auta ya ce, "Ashirin da ɗaya."

Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce irin tasa. Ya juyo yana kallona, fuskarsa ba alamar wasa. A shafi na gaba ya ce babu lamba ma sam. Son sani ya hana ni yin shiru. Na ce, "Likita, mene ne haɗin ɗigo da tuƙin jirgi?"

Ta ce, "In rediyo ta mutu, da fitila ake yi wa matuƙi magana daga hasumiyar filin jirgi. Kore, sauko. Ja, kada ka sauko. A dangin mahaifiyarku akwai mai rikita launi?" Ta ce ya dawo mako mai zuwa a gwada shi da fitilu na gaske, wataƙila matsalar ba ta yi nisa ba.

A gida muka tarar da Mama tana ninke wanki. Da na gaya mata, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Haka Babana yake. Shi ya sa a gidanmu ba a kiran kaya da launi. Sai dai a ce kofi mai tsaga, ko tawul na bayan ƙofa."

Na tsaya ina tunani, wallahi gaskiya ce. Tun tasowarmu ban taɓa jin ta ce a miƙo mata jan abu ba. Ta ɗauko al'adar gidan ubanta ta shimfiɗa mana, har abin ya ɓoye wa mai shi kansa.

Auta ya ce, "Mama, kin sani ke nan?"

"Na ga kana latsa tumatir kafin ka saya, ba ka duba shi. Ban so ka ji kamar kana da nakasa ba." Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Ban san a sama ma ana tambaya ba."

Ranar gwaji na biyu na jira a waje. Bai daɗe ba ya fito. Likitar ta ce ya kira ja kore har sau biyu, ba za ta iya sa hannu ba. Na ji tausayinsa ƙwarai.

A hanya danja ta tsayar da mu. Ya ƙura mata ido ya ce, "Ni sama da ƙasa nake bi, Yaya. Na ɗauka kowa haka yake yi." Da ta ƙasan ta kunnu, ya dafa hannuna kafin in ja motar. "Dakata kaɗan. Gaya mini yadda take a wurinki."

Na bayanmu suna ta danna hon, ni kuwa ina kallon fitilar, na rasa ta inda zan fara.