Lurwanu Ba Ya Iya Karatu Baki Rufe

Ƙanena Lurwanu, in ya ɗauki takarda, sai unguwa duka ta ji. Haka ya taso tun makarantar allo, haka ya yi lakwal, wato boko, haka kuma ya kama Japananci, yana rangaji yana rera shi kamar hadda. Tsofaffin Galmi in sun wuce ƙofarmu har amin suke cewa.

Da wannan bakin ya ci matakin tsakiya na jarrabawar Japananci, da kyar, bayan mai gadin jarrabawa ya yi mishi kashedi. Yanzu babban mataki ya rage. In ya ci, wata jami'ar noma a Japan za ta ɗauke shi. In ya yi ko tari mai kama da karatu, waje za a fitar da shi.

Na ce, "Kai Lurwanu, mutum ba ya karatu da ido?"

"Wallahi Yaya Bushira, in na rufe baki, haruffan tsayawa suke suna kallona."

Abin ya ɗaure mini kai. Ashe shi da kunne yake fahimta! Na ce to, mu gani. Na sa mishi ƙwallon dabino a baki, ya haɗiye. Na sa shi guntsar ruwa, ya feshe mini zane, na kusa marinshi. Daga baya na lura in yana dashen albasa bakinshi shiru yake. Sai munka koma gonar Baba, yana karantawa yana murza ƙasa da yatsu. Sannu a hankali rerawar ta koma hannu.

Ranar jarrabawa yana can birnin Kwatano inda ake rubuta ta, mu muna tsakar gida. Da la'asar ya kira, na buɗe muryar wayar don Baba ya ji.

"Yaya, ko uffan ban ce ba! Kuma na gane dogon labarin da sunka ba mu mu karanta duka."

Na yi guɗa. Na ce, "To labarin mi ne? Ni shi nike son ji."

Ya ce, "Wani tsoho ne a ƙauye. 'Ya'yanshi duk sun tahi birni, shi kaɗai yake noman gonar."

Na bar guɗar, tausayin Baba ya kama ni. Baba ya matso kusa da wayar.

"Lurwanu, tsohon nan, sun komo mishi?"

"Baba, labarin bai faɗa ba."