Shaddar Lirwanu da Gwankin Inna

Idon Inna Sahura ta Gummi ya fara dushewa, likita kuma ya ce ganin da ya rage mata kaɗan ne. Da ɗanta Lirwanu ya tambaye ta abin da take so, sai ta ce gwanki take son sake gani, irin wanda ke saukowa fadamar mahaifinta tana yarinya, kafin gonakin shinkafa su cinye dajin.

Lirwanu ya yi ta cigiya har aka kwatanta masa wani ƙaramin gandun namun daji da ba kowa ya sani ba, tafiyar wuni guda, hanya kuma lafiya lau. Ɗa ne nagari, amma yana fama da ciwon son a gan shi. A wurinsa kowace tafiya ziyara ce, shi kuwa ba ya zuwa ziyara da tufafin gona. Ya saka farar shadda mai sitaci, ya juye rabin kwalbar turare a jikinsa.

Jatau, tsohon maharbin da ke zagayawa da baƙi a gandun, ya shige gaba. Sun yi awa biyu suna tafiya a hankali saboda Inna. Sawu ga shi nan sabo, kashi ma da ɗuminsa, amma ko gada ba su gani ba. Duk takun Lirwanu shaddar sai ta yi ƙara kamar ana tattaka busasshen kara.

Jatau ya tsaya. "Alhaji, ɗaurin aure aka ce maka ana yi ciki? Wanga ƙamshi ya riga mu isa rafi. Namun sun sheƙa."

"Turaren Makka ne fa."

"Su ba su san Makka ba."

Inna ta zauna kan kututture tana haki. "Ɗan nan, ko ka tuɓe, ko ka maishe ni gida in makance da ƙamshinka."

Lirwanu ya dubi hagu da dama. Tun da ya yi aure ba wanda ya gan shi a waje ba riga. Ya cire babbar rigar da 'yar cikin, ya rataye a reshe, ya rage daga shi sai wando da singileti. Jatau ya ɗebo taɓon rafi ya shafe masa wuya da hannuwa, ya ƙara a goshi, inda babu buƙata.

Suka zagaya ta inda iska ke bugo fuskarsu, suka laɓe. Bayan la'asar gwanki ya sauko shan ruwa, kusa sosai, ƙahonsa a lanƙwashe.

Inna ta daɗe tana kallo, ba ta ƙifta ba.

"Kin gan shi, Inna?" Lirwanu ya raɗa mata.

"Na gan shi sarai." Ta juyo ta ƙare masa kallo. "Kai ma na gan ka. Rabona da ganinka haka tun kana kamun tarwaɗa a fadama."