Adashen Suna

A kwalejin da Malam Murtala yake koyarwa a Talata Mafara, malamai sun ƙirƙiro wani adashe wanda ba a zuba ko sisi. Suna ake zubawa. Ka rubuta maƙala ɗaya ka sa sunayen abokanka, su ma su rubuta tasu su sa naka, sai kowa ya wayi gari da maƙalu uku alhali ɗaya ya yi wa gumi. Murtala ya yi tasa a kan kifin Maradun. Malama Ummukulsum ta yi a kan shinkafar Bakura, shi kuma Dogara, malamin kiwon dabbobi, ya yi a kan kaskar shanu.

Da jami'ar da yake ƙaro karatu ta ce mai maƙalu uku yana iya haɗa su ya karɓi digirin dakta, Murtala har da rawa a ofis. Bai ji ƙarshen zancen ba. Farfesan da ke duba aikinsa ne ya ƙarasa masa: sai ya rubuta doguwar gabatarwa, shi kaɗai, wadda za ta nuna igiyar da ta ɗaure ukun wuri guda.

To ina igiyar da za ta ɗaure kifi da kaska?

Da a ce tsakaninsa da jami'a ne kawai, da sauƙi. Amma mahaifinsa, Alhaji Yahaya, dillalin shanu ne da bakinsa ba ya riƙe magana. Mutum ne da duk kara, wato kasuwar shanu, an san shi da ba saniya kanwa kafin ranar kasuwa, ta ɗirki ruwa ta yi bul-bul, mai saye ya kai gida ya ga ta sace kamar tayar keke. Tunda ya ji akwai takardar kaska mai sunan ɗansa, ya bi kara yana shelar ya haifi likitan shanu. Har bajimi ya ɗaure a gida na walima. Wannan shelar ita ta hana Murtala sukuni, don ya fi tsoron idon ubansa a kan majalisar jami'a.

Ya hau babur ya tafi Bakura wurin Malama Ummukulsum. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, “Malama, don Allah mi ke cikin takardar shinkafar nan tamu?”

Ta yi dariya har da tafa hannu. “Ni da nike shirin zuwa in tambaye ka ta kifi? Gabatarwar nike rubutawa ni ma. Na riga na kama talauci, shi ne igiyata, kada ka taɓa min shi.”

Ya dawo wurin Dogara, ya tarar shi har ya miƙa tasa. “Ruwa na ɗauka,” in ji Dogara. “Kifi cikin ruwa yake, shinkafa ruwa take sha, kaska da damina take yawa. Ka nemi naka, abokina.”

An cinye ruwa, an cinye talauci. Murtala ya koma gida ya zauna zugum, sai ga matarsa Lantana ta aje masa tuwon shinkafa da miyar kifi, ga tsokar nama a gefe. Ya kalli kwanon, ya yi kabbara. Abinci! Ya ture tuwon ya jawo kwamfuta, ya cika shafuka da wadatar abinci a ƙasar Zamfara. Maƙalar kaska kuwa takenta kawai ya karanta da layin ƙarshe, sauran duk lissafi ne mai sa ciwon kai.

Farfesa ya auna nauyin takardun a tafin hannu ya ce aiki ya yi kyau. Ba abin mamaki ba ne, sunansa ne na ƙarshe a kan duk maƙalun uku, kuma shi ko kifin bai karanta ba. Murtala ya zama Dakta.

Ranar walima da safe bajimin ya ƙi tashi. Ya ƙi dusa, hanci ya bushe, kunnuwa cike da kaska. Dillalai da mahauta sun riga sun cika ƙofar gida. Alhaji ko a jikinsa, har wani daɗi ya ji.

“Ku ja da baya. Dakta, taho ka gwada musu. Mi ka damun bajimin ga?”

Murtala ya zo cikin babbar rigarsa ya tsaya ta wajen wutsiya. Ya yi gyaran murya ya ce lafiyar dabba ginshiƙi ce ta wadatar abinci, musamman idan aka dube ta tare da kifi da shinkafa. Wani mahauci ya tambayi na kusa da shi ko sunan allurar ke nan.

“Ba kai ka rubuta littahin kaska ba?” in ji Alhaji, murya ƙasa-ƙasa.

“Sunana na ciki, Baba.”

Alhaji ya dube shi tun daga hula har takalmi, irin kallon da yake yi wa saniyar da wani dillali ya kawo. Ya gane, don sana'arsa ce. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji a kara ba.

Ya matso kusa yadda baƙi ba za su ji ba.

“Kanwa dai ce, na san ta. Amma ni, Murtala, ban taɓa saida wa ɗan gida ba.”