Kabarin da Wata Ya Tona

Haruna Bazazzage ne, kuma a garinsu ruwa ba ya tashi sai an yi ruwan sama. Yaƙin da ya hargitsa ƙasar Hausa ne ya jefa shi hannun 'yan fataucin bayi tare da yayansa Mahmudu, aka sauke su a birnin Salvador, can ƙetaren teku, suna dakon ganguna daga bakin jirgi zuwa kan tudu. Ba su cika shekara ba zazzaɓi ya ɗauke Mahmudu.

Bawa idan ya mutu a garin nan, rami guda ake zuba shi da wasu, babu wanka babu salla. Haruna ya ce yayansa ba zai shiga wannan rami ba. Shi da 'yan dako uku suka kai gawar gaɓar teku da ke ƙasan unguwar Vitória, suka yi mata sutura. Ya nemi inda ruwa ya bar alama a kan yashi, ya ƙirga taku ashirin, ya haƙa, ya jera duwatsu. A bakin kogin Galma da rani, taku ashirin ai har ya yi yawa. Ran nan wata yana da kwana bakwai.

Bayan kwana biyar ya ba Inna Uwani labari. Tsohuwa ce 'yantacciya mai tuyar ƙosai a unguwar Barroquinha, marigayi mijinta Malam matuƙin kwale-kwale ne. Tana ji ta ajiye matsami.

"Ɗan nan, jibi wata zai cika. Je ka ɗauke yayanka ka kai shi tudu."

"Inna, rani fa ake. Ko hadari babu."

"Teku ba ruwanta da hadari, wata ke jan ta. Malam ya sha faɗa mini, ya ji a bakin masu manyan jirage, kowane abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa. Ƙasa na jan gangar da ke kanka, wata na jan ruwa. Ran da ya cika, ko ran da ya ɓata, shi da rana kan haɗa ƙarfi, sai ruwa ya hau inda bai saba hawa ba."

Haruna ya yi dariyarsa ta farko tun rasuwar. "Da wace igiya, Inna?"

"Da wace igiya ƙasa ke jan gangarka?"

Bai dai yarda ba. Kada kuma a ga laifinsa. Mutumin da ya binne ɗan'uwansa da hannunsa, a ce ya koma ya tone shi saboda wata? Ko ni ne sai na yi gardama. Ga shi bawa ba ya barin dako don ya ga dama.

Sai dai maganar ta tsaya masa a rai. Ran sha huɗu ga wata, ana la'asar, ya jingine sandar dakonsa ya gangara da gudu, bulalar da zai sha ma bai tuna ta ba.

Babu yashi. Inda ya ƙirga taku ashirin ruwa ne har ƙugu, sama kuwa tas babu ko gajimare. Ya shiga yana lalube da ƙafa, ya taka dutse ɗaya, ya taka na biyu, tsakaninsu rami ne wanda ruwa ya wanke. Ya fito ya zauna ya yi kuka irin wanda bai yi ba ran jana'iza.

Inna Uwani ta iso tana haki, don gangaren ba na tsofaffi ba ne. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta zauna gefensa har ruwan ya soma ja da baya yana fita ta bakin teku.

"Inna, ina yake zuwa in ya janye?"

"Malam ya ce ruwan nan ɗaya ne da na gaɓar da aka loda mu."

Haruna ya share fuska, ya daɗe yana kallon ruwan.

"Tun a cikin jirgi Yaya yake cewa shi ba zai zauna a ƙasar nan ba," in ji shi. "Ni ne na so in riƙe shi."