Malam Yusha'u Ya Duba Sama

"Ku tafi abinku, ni ba inda za ni," in ji Malam Yusha'u. Yana zaune kan benci a ƙofar ɗakinsa, ya miƙe ƙafar nan tasa da dakon albasa ya lalata.

Motar danfon da mijina Ridwanu ya ɗauko tana bakin layi, direba sai danna hon yake yana zaginmu da Yarabanci. Kwana uku ke nan ana shela a rediyo da masallaci cewa za a saki ruwan dam daga can sama, kogin da ke bayan unguwarmu, nan ƙasan kasuwar Mile 12, zai cika ya kawo. An ce kowa ya tashi. Mu Agege za mu, gidan yayan Ridwanu, kuma mun ce Malam da iyalinsa su zo mu tafi tare. Shekara tara bango ɗaya ne tsakaninmu, ko tari ya yi ina ji.

Matarsa Mastura ta durƙusa gabansa, ƙunshin kaya a ka. "Malam, don girman Allah. Kwana biyu ne fa."

"Kwana biyu!" Ya yi dariyar da ba ta da daɗi. "Wancan karon ma haka suka ce mana a bakin gada. Ku fita, ruwa na zuwa. Muka fita. Da muka dawo me muka tarar? Katafila ta bi ta kan ɗakin, ko cokali ba mu tsinta ba. A garin nan ɗakin da ba mutum ciki ba shi da mai shi."

Wannan kam gaskiya ne, mun sani.

Sai ya ɗaga kai, ya kare ido da hannu, ya dubi gabas. A layinmu in za ki yi shanya shi kike tambaya. A ƙauyensu can wajen Daura ya koyi abin, kuma ban taɓa jin ya faɗa ta kuskure ba.

"Maman Hafsa, ke ma duba," ya ce da ni. "Ina hadarin? Sama fes. Yau ko yayyafi ba za a yi ba."

"Baba Malam, ba daga sama zai zo ba," in ji Ridwanu. "Daga kogi ne."

"Ruwa ba hadari? Kai yaro, Legas ta juya maka kai."

Mastura ta sauke ƙunshinta, ta ce to ita ma ta fasa. Nan ya daka mata tsawa, abin da bai saba ba, ya ce ta ɗauki 'yarsu Kausar su wuce. Ta tsaya tana kallona. Ni kuwa da bakin nan nawa da ba ya gajiya, na kama hannunta na ce, "Rabu da shi, Mastura. Ruwa na taɓa masa gwiwa za ki gan shi a Agege kafin mu sauke tukunya." Har shi ya yi dariya. Maganata ce ta sa ta shiga motar nan, kuma har gobe ban yafe wa harshena ba.

Washegari bayan azahar wayar Mastura ta yi ƙara. Muna tsakar gida ana tankaɗe, rana kuwa kamar ta fasa kai. Malam ne, ta buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Ruwan ya ɗan shigo," ya ce. "Ta kwata ya ɓullo. Na ɗora katifa kan tebur."

"Malam, fito! Fito bakin titi!"

"Layin ya cika, ba na ganin inda ramin kwatar yake. Amma zai janye, Mastura. Ina leƙawa ta taga, wallahi ko gajimare ɗaya babu."

Ridwanu ya fizge wayar. "Baba Malam, hau rufi, ga mu nan!"

"Da wace ƙafar?"

Ridwanu da wasu maza uku suka fita a guje. A Ketu aka tare hanya, ba mota ba babur. Masu kwalekwale suka ce igiyar ruwan ta fi ƙarfinsu, sai ta lafa. Mastura ta yi ta kira har wayar ta daina shiga, ta ci gaba da kira duk da haka.

Da safe suka same shi. Ridwanu bai gaya mini yadda ya gan shi ba, ban kuma tambaya ba. Abin da kawai ya ce, ƙofar a kulle take ta ciki. A Agege aka yi masa sutura bayan la'asar, mutane cike da layi, kowa na cewa kwana ne ya ƙare. Na sani. Amma ranar nan na ji haushin kowa: waɗanda suka rushe masa ɗakin farko, da masu sakin ruwa, da shi kansa, da ni. Kuma gaskiyarsa ce ta fi ƙona mini rai, don duk kwanakin nan ko ɗigo bai sauko ba.

Katafila ba ta zo ba. Mastura na takaba a wani lungu na gidan yayan Ridwanu, mai gidan hayar ya aiko a kwashe abin da ya rage, ya samu sababbin 'yan haya. Ranar da muka koma na tarar da wani mai fenti a ɗakin, yana fito. Ya yi wa bangon shafe biyu na shuɗi. Da ya bushe, sai layin da ruwa ya tsaya ya sake fitowa, ja-ja, ya zagaye ɗakin. Na shiga na tsaya a gindinsa. Sai da na miƙa hannu sama na taɓo shi.