Muryar da Yaya Ya Hana a Yanke

Allah Maɗaukakin Sarki ya hore wa Likita hannu mai natsuwa. Tun yana da ƙuruciya yake aikin kunne da hanci da maƙogwaro a babban asibitin garin, har furfura ta cim masa a ɗakin tiyata. Ya ciro ƙwayar wake daga hancin yara, ya ɗinke dodon kunnen da ya fashe, ya buɗe ƙofa a wuyan waɗanda numfashi ya sarƙe musu. Aiki ɗaya ne zuciyarsa ba ta taɓa sabawa da shi ba, wato cire tushen murya idan ciwon daji ya kama shi. Majinyaci yakan tashi da ransa, yana numfashi ta wata 'yar kafa a gindin wuya, amma ba zai sake furta kalma da muryar da aka san shi da ita ba.

Likita yana da wa guda, kafinta, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu. Mutum ne mai yawan raha da yawan ambaton Allah. Zarto yana ci, bakinsa yana tasbihi. Duk gari ana cewa Likita, shi kuwa bai taɓa kiran ƙanen nasa da komai ba sai Mahauci.

Wata ranar da hantsi Likita ya biya shagon wan nasa, ya yi sallama. Amsar da ta fito daga bayan katakai ta sa ya tsaya cak a bakin ƙofa. Murya ce a dishe, mai kaushi, irin wadda ya sha ji a ɗakin duba marasa lafiya.

"Yaya, tun yaushe muryarka ta koma haka?"

"Ƙurar katako ce, Mahauci. Ko kasuwa ce ta yi maka sanyi, ka zo neman nama a gida?"

Matar Yaya ta leƙo daga ƙofar da ta haɗa shagon da gida. "Kada ka biye masa, Likita. An daɗe. Na yi magana har na gaji, cewa yake wai ina so in huta da surutunsa ne."

Da ƙyar da roƙo Yaya ya yarda ya je asibiti. Ya zauna a kujerar dubawa da dusar katako a gemunsa. Likita ya zura siririn bututu mai fitila ta hancinsa, ya duba, ya daɗe yana dubawa, ba don bai gane ba, sai don ba ya so ya ɗago. Da sakamakon gwaji ya fito, ya rufe ƙofar ofis, ya sauko daga kujerarsa ya zauna kusa da wansa, ya faɗa masa ba ɓoyo cewa ciwon daji ne a tushen murya.

"Idan na cire yanzu, ina kyautata zaton za ka rayu, da izinin Allah. Idan aka bari, zai toshe hanyar numfashi."

"Idan ka cire, da me zan yi magana?"

"Akwai dabaru. Ana rubutu, ana..."

"Da me zan yi kalmar shahada ranar da zan cika?"

Likita ya tattaro ɗan abin da ya sani. Ya ce Allah yana jin abin da ke cikin ƙirji, kuma bebe ma mumini ne, ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Ya ce neman magani ba ya warware tawakkali.

Yaya ya yi murmushi. "Ji yaro zai yi mini wa'azi. Wa ya koya maka alwala? Duk na san wannan, kuma gaskiya ne. Amma tun ina saurayi abu ɗaya nake roƙon Ubangijina a kowace sujada, ya sa kalmar nan ta zama ƙarshen abin da harshena zai furta. Yanzu sai in je da ƙafata in kwanta, in ce ƙanena ya yanke mini abin da zan faɗe ta da shi?"

"Yaya, ciwon da kansa zai cinye muryar. Ko ban taɓa ta ba, tafiya za ta yi."

"To, Wanda ya ba ni ita ya karɓi abarsa. Ba wuƙarka ba."

Daga nan Likita ya shiga zarya. Ya turo limamin unguwa, Yaya ya karɓe shi da girmamawa, ya gaskata duk abin da ya faɗa, ya raka shi ƙofa. Likita ya kawo wani mutum da ya yi wa irin aikin shekarun baya, ga shi da ƙiba da lafiya. Yaya ya dubi ƙyallen da ke rufe da wuyan mutumin, ya yi masa addu'a, ya ba shi kyautar 'yar kujera. 'Ya'yan Yaya suka yi kuka a gabansa. Matarsa ta ce, "Malam, ko shiru za ka yi, ka zauna mana mu riƙa ganinka." Ya ce mata, "Ashe dai da gaske kina son hutun."

A asibiti Likita yana buɗe baki a ce to. A gidan nan kuwa ƙane ne, ba ya ɗaga murya a gaban wanda ya goya shi. Kullum da safe yakan wanke hannu ya shiga tiyata ya ceci maƙogwaron baƙo, da yamma ya zo ya zauna a bakin gadon wansa yana sauraron yadda numfashi yake ƙara ƙunci. Kunnensa ya san kowane mataki na wannan sauti. Da ma bai sani ba, da ya fi masa sauƙi. Har lokacin da aikin zai yi amfani ya wuce yana zaune yana ji.

Ranar da aka aiko masa, ana dab da la'asar. Ya zo da jakar kayan aiki. Ya tarar an jingina Yaya da matasai, gumi ya jiƙa rigarsa, iska tana shiga da wani siririn fito. Likita ya durƙusa.

"Yaya, ba zan cire komai ba. 'Yar kafa kawai zan buɗe a nan ƙasa, ka samu iska. Don Allah, Yaya. Don darajar iyayenmu."

Yaya ya san cewa iskar da ta bi ta waccan kafar ba za ta bi ta murya ba. Ya miƙo hannu ya kama wuyan hannun Likita na dama, riƙo irin na mai guduma, ya danne shi a kan katifa. Sannan ya ɗaga idonsa sama, ya tattara abin da ya rage masa, leɓunansa suka soma motsi.

Ɗakin ya yi tsit. Likita ya kai kunnensa dab da bakin, ya ɗora yatsun hagu a maƙogwaron kamar yadda ya saba yi wa majinyata. Leɓuna suka gama motsi. Can kuma riƙon ya sassauta.

Matar Yaya ta kama gefen rigar Likita. "Ya faɗa? Likita, kai ne kusa. Ka ji ya faɗa?"

Bai taɓa yi wa dangin majinyaci ƙarya ba, kuma ba a gaban gawar wansa zai fara ba.

"Kunnena bai ji komai ba," in ji shi. "Amma akwai abin da ya motsa a ƙarƙashin yatsuna."

"Ita ce?"

"Allah ne ya sani. Shi ya ji."

Ya shafe idanun Yaya da hannun da aka sake masa. Shatin yatsun kafinta na nan kwance a wuyan hannun. Jakar tana gefen gado a rufe. Aka kira la'asar, mutane suka fara tashi, shi kuwa yana nan durƙushe a bakin gadon.